Ina Na'urarku Ta Kai Muryar Inna?

Zuwa ga Alhaji, mai studiyon juyar kaset na bayan kasuwa, Garwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da ma'aikata. Ni ce mai atamfar da ta kawo muku kaset ɗin karatun mahaifinta kafin azumi. Na rubuto a fili ne don na ga tulin kaset ɗin mutane a teburinku, na san ba ni kaɗai abin zai shafa ba.

Na farko. Kawuna ne ya ɗauki kaset ɗin tun muna yara, da rikodar da ya sayo ta hanyar Mayo-Ulo. Baba na karatu a zaure, Inna na daka a tsakar gida. Can wajen tsakiya daka ta tsaya, sai a ji ta daga nesa tana cewa, "Ladi, sauke tukunyar nan!" Inna ba ta taɓa yarda an yi mata hoto ba. Kiran nan kaɗai ya rage mana nata.

Na biyu. Da na karɓi memorin da kuka juye karatun a ciki, muryar Baba ta fito tas har da tarinsa, har ta fi ta kaset. Wannan kam kun iya. Amma babu turmi, babu Inna. Daidai inda take kirana sai wani ɗan sauti kamar ana kurkure baki. Na zauna cikin shagona na yi kuka sosai.

Na uku. Da na koma, ma'aikacinka ya yi mini bayani cikin haƙuri, rabi Faransanci rabi Fulatanci. Wai akwai wani ɗan kayan aiki da ake ƙara wa kwamfuta, ya share ƙara, sannan a matse sauti. Matsin yana da lamba babba da ƙarama. Shi ya zaɓi ƙaramar don karatun ya bi ta waya har Tinyer wurin ƙanena ba tare da cin kati ba. Ya ce na'urar tana zubar da abin da kunne ba ya bukata ne kawai.

To Alhaji, kunnen wa? Ba faɗa nake ba, so nake in gane. Yaya aka yi ƙarfe ya bar tarin Baba, ya ɗauki kiran Inna a matsayin shara? Sharar ce ta cinye ta, ko matsin? Ni ma ina ninke atamfa don ta shiga ƙaramar jaka, amma ban taɓa yanke bakinta ba. Kuma tunda akwai zaɓi, me ya hana a tambayi mai kaset? Ko tela yakan tambaya kafin ya sa almakashi.

Na huɗu, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Ya ce ya goge babban kwafin da ya fara juyewa kafin shara da matsi, saboda wuri ya cika a kwamfuta, zaren kaset ɗin kuma ya tsinke sau ɗaya ya liƙa. A ganinsa da ƙyar zai jure wani juyi guda.

Don haka ina roƙon kada kowa ya kunna shi sai ina wurin. A juya shi da lambar da ta fi girma, kada a share komai, ko kukan zakara ne. Idan memori bai isa ba, zan kawo wani. Ƙanena a yi masa ƙaramin daga baya. Sauran masu kaset kuma a riƙa tambayarsu ko akwai wani nasu a bayan murya.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare maka dukiya, ya jiƙan naka iyayen. Ni ce Ladin da ake kira a kaset ɗin, kuma ina so in sake ji.

Wassalam.