Na Ba Wakenki Ruwan Pompo

Ƙanwata Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar karatu, yaya sanyin ƙasar mutane? Baba da Inna suna lafiya, yara ma lafiya lau.

Maganar wakenki ce, kuma da nauyin baki nike faɗinta. Na shuka iri-irin da kika bari a garka, na yi ta ba su ruwan rijiyar nan mai gishiri kamar yadda kika ce. Ban manta bayaninki ba: wani wake ya gaji abin da ke tsare gishiri a saiwa, ya hana shi hawa ganye, kuma sai an bari gishirin ya gwada su za a gane shi.

Da ganye ya fara ƙonewa, Baba ya shigo garka ya tsaya. Ya ce, "Sani, kana kallon abin Allah yana mutuwa, ga pompo kusa?" Na ce umarninki ne. Ya juya ya tafi. Washegari na ɗora jarkoki a amalanke, na ba su ruwa mai daɗi.

Yanzu duk sun yi kore shar, mai juriya da rago ba bambanci. Na san aikin shekararki na ɓata. Maƙwabta na yaba garkar, ni ko kallonta ba ni iyawa.

Ki gafarce ni. In akwai sauran iri, ki aiko, wannan karon zan daure. Ki sa mu a addu'a, ki gaida abokan karatunki.

Yayanki,
Sani, daga Matankari