Gardamar Zalɓe da Dorina

Zuwa ga Yayana Sale, a duk tsibirin da yake cikin tafkin Chadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa wadda ta dace ƙane ya yi wa wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan kamun kifinka. Iya tana gaishe ka, ta ce bandar da ka aiko ta iso, Allah ya yi albarka. Mu ma nan Haɗejiya lafiya lau, sai ruwa da ya yi yawa bana.

Ban sa takardar a ambulan ba. Tunda ban san takamaiman inda kake ba, direban motar kifi za a ba, shi kuma ya ba mai jirgi, na san kowa sai ya buɗe ya duba a hanya. Su karanta. Abokinka Garba ne ma zai kai ta tasha, kuma na san ba zai fita lungunmu ba sai ya leƙa. Shi ma ya karanta, ai da shi ake.

Ruwa ya shigo lungunmu har bakin zaure. Kekena yana nan jingine, taɓo ya bushe a tayoyinsa, kaji sun mai da shi wurin kwana. In baƙo ya tambaya, Iya takan ce damina ce ta tsare ni a ɗaki. Kai ba zan yi maka wannan ƙaryar ba. Tun kafin ruwan farko ya sauka rabona da ƙofar gida, kuma dalilin da ya sa nake rubuto maka ke nan.

Ka tuna shekarar da na bar makaranta, don sakandaren tana can bayan gari, keken guragu ba ya kai ni. Na kwanta a tabarma na juya wa duniya baya. Iya ta yi lallashi ta gaji, malaminmu na makaranta ya zo ya yi nasiha ya tafi. Kai ko sannu ba ka taɓa ce mini ba, na kuma riƙe ka da wannan a raina.

Wata rana da la'asar ka dawo daga kogi, kana ƙarnin kifi, ka zauna cin tuwo a bakin ɗakina. Ka fara ba Iya labari da ƙarfi, wai Malam Bulus, mutumin Filato mai gyaran talabijin, ya kawo gem, wato wasan faɗa na talabijin, a shagonsa na bakin kasuwa. Mutum biyu ke yi, kowa ya riƙe abin dannawa da kuke kira hannu, ya zaɓi ɗan damben da yake so. Sunayensu sun fi ƙarfin bakinku, sai kuka raɗa musu na kogi. Akwai Dorina, ƙaton da in ya rungumi mutum sai ya maka shi da ƙasa. Akwai Minjirya mai jan mutum da wuta. Akwai wani Tsoho mai sanda da ba wanda yake ɗauka.

Sannan ka ce, ba tare da ka ko kalle ni ba: “Sai wani siririn banza, Zalɓe, ƙafafunsa kamar na Habu, iska ma kayar da shi take.”

Iya ta wurgo maka ludayi. Tun da shan-inna ta kama ni ina yaro, ba wanda ya taɓa ambaton ƙafafuna a gidan nan sai da rausayar da kai. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Na juyo na ce ka kai ni in ga banzan.

Malam Bulus ya ɗaga ginin shagonsa sosai saboda ambaliya, matakalarsa ko mai ƙafa sai ya dafa gwiwa. Ka bar keken a ƙasa ka saɓa ni a baya, kana ƙorafi wai ban iya komai ba sai cin tuwo. Ka dire ni a benci ka miƙo mini hannun da maɓallinsa ɗaya yake maƙalewa, ka riƙe mai kyan. Na ɗauki Zalɓe don taurin kai. Ka sa Dorina ta tura Zalɓena lungun filin faɗan, ka rungume, ka maka, ka sake runguma, har layin jinina da ke saman talabijin ya ƙare ban taɓa ka ba. Ka yi dariya har da hawaye. Ban yi maka magana ba a hanya, sai da muka iso zaure na ce gobe ma za mu koma.

Daga nan gardamar ta tashi, kuma ina so ka sani har yau ina kan bakana. Kai ka ce Dorina ce ta ɗaya, Minjirya na biye, sauran su shigo tsakiya, Zalɓe kuma can ƙasan Tsoho. Ni na ce ba a jera su haka kamar buhuna, sai an duba wa ya haɗu da wa. Zalɓe yana cin Dorina, in dai mai riƙe da shi yana da haƙuri. Ƙafarsa ta fi hannunta tsawo. Ka tsaya daidai inda yatsan ƙafarka zai taɓa ta, ita kuwa hannunta bai kai ba, in ta yi tsalle ka tare ta a sama, in ta matso ka tsallake ta bayanta. Abu ɗaya ne haramun, ka bari bayanka ya taɓa lungu. Minjirya kam na yarda tana wahalar da shi, don da ya miƙa ƙafa wutarta take kamawa. Wannan kaɗai na ba ka, ba ƙari.

Amsarka kullum ɗaya ce: “Wannan ai ba faɗa ba ne, tsokana ce daga nesa.”

Mun yi ta a kan hanya, kana tura keken ina waiwayowa. Mun yi ta a bakin masallaci har liman ya juyo ya harare mu. Mun yi ta a kan akushi, miya tana hucewa, har Iya ta ce mu kwashe zalɓenmu da dorinarmu mu fita mata daga tsakar gida. Mutane sukan ce wai don ƙafafunsa na zaɓe shi. Ko da haka ne, ina ruwansu.

Ranar da na fara cin ka, sai da muka kwashe watanni ina shan kaye. Na tsaya nesa ina ta tsinkar ka da ƙafa, ka kasa kama ni, lokaci ya cika jinina ya fi naka. Shago ya ɗauki ihu, har mai rake ya hawo matakala ya ga abin da ya faru. Kai kuwa ka taɓe baki ka ce agogo ne ya ci ka, ba ni ba. A zagaye na gaba ka yi mini dukan da sai da Malam Bulus ya ce ka ji tsoron Allah. Ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba.

Sai ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi ƙaranci, ka haɗa komarka ka bi masunta zuwa tafki. Ban ga laifinka ba, kai ke ciyar da gidan. Ka bar wa Garba da Ɗanladi amanata, ka ce su riƙa fita da ni, kuma sun riƙe amana, ba zan zalunce su ba.

Amma Yaya, su biyu suke ɗauka ta, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙafa, kowace matakala sai an ce mini sannu. A shago sai a tashi wani a ba ni tsakiyar benci, a ba ni hannu mai kyau. Na fara ci, na yi ta ci. Da farko na ɗauka ƙwarewa ce, har na so a ce kana nan ka gani. Daga baya na lura Garba, wanda Dorinarsa take rungumar kowa a shagon, in da ni yake yi sai ta riƙa tafiya kai tsaye cikin ƙafar Zalɓe.

Na gwada su. Na ce na sake tunani, Tsoho mai sanda shi ne na ɗaya a gem ɗin nan gaba ɗaya. Maganar da ko mahaukaci ba zai yarda da ita ba. Ɗanladi ya gyaɗa kai ya ce lallai akwai gaskiya a ciki, sauran suka ce haka ne, Habu ya san gem. Muka fara da Garba, sai na kai Zalɓe lungu da kaina, na ɗauke yatsuna daga maɓalli, na zauna ina kallo. Dorina tana gabansa, runguma ɗaya ta rage. Garba ya sa ta yi ta naushin iska, tana ja da baya, tana tsalle a wuri ɗaya, har lokaci ya cika. Ba wanda ya yi dariya. Na ce su mai da ni gida, cikina yana ciwo.

Ban koma ba. Sun zo sun zo, ina sa Iya ta ce barci nake. Na san da kyakkyawar zuciya suka yi, shi ya sa ma ba ni da bakin yi musu faɗa, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ɗakin nan ya ishe ni, Yaya. Na san inda rana take kaiwa a bango kafin a kira azahar, na san muryar kowane mai talla a lungun nan ban san fuskarsa ba. Ina jin kamar numfashina ba ya kaiwa ƙasa. Amma in na tuna benci cike da mutanen da za su ce mini haka ne, sai in ga gara bangon.

Ranar Juma'ar da ta wuce Malam Bulus ya zo duba ni, wandonsa naɗe har gwiwa, takalmi a hannu. Ya ce in ina so zai riƙa kawo mini gem ɗin gida ranar Lahadi, tunda shagon a rufe yake in ya tafi coci. Na yi masa godiya na ce a'a. In gem ya shigo ɗakin nan, to ba abin da zai sake fitar da ni sai makara.

Da ya ga ban saki fuska ba, sai ya ce bari ya faɗa mini abin da zai faranta mini rai. Ya ce kafin ka taɓa kai ni shagon, ba ka ɗaukar kowa sai Zalɓe, kuma ba mai iya tayar da kai daga benci in ka riƙe shi. Ranar da ka shigo da ni a baya ka koma Dorina, ka ja shi gefe ka ce ya gargaɗi kowa, duk wanda ya buɗe baki kai da shi ne. Ya ce ashe tun farko ni ke da gaskiya, kai ma ka sani.

Bai faranta mini ba. Na ce a raina ashe kai ma cikinsu kake, ka dai fi su iya ɓoyewa. Na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ko ka taɓa bari na ci da gangan. Sai ya kwashe da dariya. Ya ce tun daga ranar da na fara cin ka, kakan biyo da hantsi daga kogi, kai kaɗai, da jiƙaƙƙen wando, ka zauna kana koyon yadda Dorina za ta kama Zalɓe, kana zagin talabijin.

Bayan ya tafi na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na ji haushinka, na kuma yi kewarka fiye da kowace rana tun da ka tafi. Maƙaryaci kawai. Shekaru kana kallon idona kana zagin ɗan damben da ka fi so, don kawai in ce gobe ma za mu koma.

Ba zan ce ka bar sana'arka ka dawo ba, ko da yake abin da zuciyata take so ke nan. Abu ɗaya nake roƙo. In za ka aiko da amsa, kada ka ce mini na yi gaskiya, na ƙoshi da wannan. Kuma kada ka aiko mini, ka aika wa Garba, don maganarka kaɗai yake ji. Ka ce masa in ruwa ya janye ya zo shi kaɗai, ya saɓa ni a baya ba sannu ba komai, ya ba ni hannun da yake maƙalewa. In ya samu Zalɓe a lungu, ya rungume shi ya maka da ƙasa. Ka ce masa ba zan karye ba.

Allah ya tsare ka daga igiyar ruwa da sharrin dare, ya cika komarka, ya sa ka gama lafiya. Allah ya ƙara wa Iya lafiya da haƙuri da ni. Allah ya saka wa Malam Bulus da su Garba da alheri, ya kuma cire wa Garba tausayina ko na zagaye ɗaya ne. Amin.

Ƙaninka da yake jira a ɗaki,
Habu