Jakar Mbak Sarni

Litinin, 6 ga Janairu
Da hagu nake rubutu, shi ya sa ya yi kamar tsakin kaza. Tunda ɓarin jikina ya shanye, hannun dama sai kwanciya a cinya. Yayata, Mbak Sarni, ta baro gidanta a Semarang ta dawo nan Klaten tana jinyata, ga shi har damina ta yi nisa. Yau na ji ta a bayan gida tana waya da 'yarta Wulan, wadda cikinta ya tsufa. "Ina zan tafi in bar shi? Ko maɓallin riga ba ya iya sawa." Jikanta na fari ne fa. Ban nuna na ji ba.

Alhamis, 9 ga Janairu
Mai gashin ƙashi ta ce yatsun nan aiki suke so, ƙaramin aiki mai naci. Biyu ga watan gobe Mbak za ta ƙara shekara. Na yanke shawara: zan saƙa mata 'yar jakar waya da hannun daman nan. In ta gani, ba ta da sauran hujjar zama.

Asabar, 11 ga Janairu
Da Mbak ta tafi kasuwa na ja ƙafa zuwa wajen Bu Lasmi, makwabciyarmu, bazawara mai saƙa. Ta kalle ni sama da ƙasa.
"Pak Gito, kai da ka tsufa a kan acaba, yau kuma kwarashi?"
Na ce ko ta koya min ko in tafi.
Ta ba ni zare kore da ruwan ƙasa in zaɓa. Na ɗauki kore. Kwarashin ya faɗi sau nawa, ban ƙirga ba. Ita ke sunkuyawa tana ɗauko min, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Laraba, 15 ga Janairu
Sirantar kwarashin ce matsalar. Na yanko tsohon tub ɗin babur na naɗe masa gindi har ya yi kauri. Yanzu yana zama a hannu.

Juma'a, 17 ga Janairu
Layi ɗaya. Bu Lasmi ta ce ya yi tauri kamar igiyar ɗaure akuya, ta warware. Na so in yi mata rashin kunya, na tuna zarenta ne.

Talata, 21 ga Janairu
Paijan, abokina na tashar acaba, ya leƙo da soyayyen rogo, ya same ni a barandar Bu Lasmi zare a cinya. Dariya har da riƙe ciki. Wai in saƙa masa hular kwano, 'yan sanda sun dame shi. Na ce sai dai in saƙa masa takunkumi. Da zai tafi ya ɗaga saƙar ya juya ta. Ya ajiye a hankali.

Hannun ya gaji tiɓis bayan la'asar. Mbak ta tambayi me nake yi a makwabta kullum. Na ce hira. Ta ce, "Kai da hira? Ko dai bazawarar ce?" Na bar ta a haka. Gara wannan zargin.

Lahadi, 26 ga Janairu
Ruwa wuni guda. Yatsu sun ƙi. Na yi jifa da ƙullin zaren, ya gangara ƙarƙashin kabad, sai da na kwanta da ciki na jawo shi da sanda. Tashi daga ƙasan ya fi saƙar wuya. Na tashi dai, ban kira kowa ba.

Alhamis, 30 ga Janairu
Saura baki da igiyar zugewa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Bu Lasmi ta ce in kawo ta gyara, ba wanda zai sani. Na ce ni zan sani.

Lahadi, 2 ga Fabrairu
Na ba ta jakar bayan mun karya. Da dama na miƙa, da gangan. Ta juya ta, ta leƙa ciki, ta gwada sa wayar. Ba ta shiga ba. Rabinta a waje.
"Wa ya yi?"
Na ɗaga hannun.
Ta daɗe tana shafa layukan da babban yatsa, na farkon masu tauri, na ƙarshen masu ɗan kyau. Sai ta ce, "Dik Gito, ƙanena, korata kake yi ke nan."
Na ce e, korarki nake. Wulan tana buƙatar uwarta.
Ta tashi ta shiga kicin, ta yi ta buga tukwane. Ba mu sake magana ba yau. Amma na ga ta zuba carbinta da maganin hawan jininta a ciki ta zuge.

Litinin, 3 ga Fabrairu
Jarrabawa. Ta zauna a kujera ta harɗe hannu, ta ce in sa riga. Na sa, maɓalli ɗaya ya tsallake, na sake. Ta ce in dafa shinkafa. Ta ɗan caɓe. Ta ce in soya tempe, awararmu ta waken suya, ta tsaya a bayana kamar soja. Ta ci, ta ce gishiri ya yi yawa, ta ƙara.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Ta tafi da motar safe. Ta bar wa Bu Lasmi dokoki kamar ni jariri ne.

Gidan ya yi girma.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Wulan ta sauka jiya, mace. Mbak na ɗakin, ita ta fara ɗauka. A waya muryarta duk ta dishe. Ta ce ƙafar yarinyar ba ta kai yatsana biyu ba, kuma Semarang ma akwai sanyi da asuba, ko na ji? Na ce na ji. Safar jariri take so in saƙa.

Bu Lasmi ta ce zaren jarirai sai babbar kasuwa, kuma ita gwiwarta ba za ta je ba. Na daɗe ina kallon wayar kafin na kira Paijan. Ya zo, ya miƙo min hular kwano, bai yi tsokana ba. Tun ina saurayi ban hau bayan wani a babur ba. Na riƙe rigarsa da hannu biyu. Na sayi zare ruwan ɗorawa.

Tuƙinsa ba laifi. Ban gaya masa ba.