Haihuwar Chedi ta Biyu

Semarghat, 4 ga Afrilu, 1974

Ƙanwata Jamuni,

Ram Ram. Ina fatan ke da maigidanki Bhagwandin kuna lafiya. Ki taɓa mini ƙafafun surukarki don gaisuwa, in ta yarda a taɓa.

Ki zauna kafin ki ci gaba. Na san ki, a tsaye kike karanta wasiƙa, hannu ɗaya cikin kwaɓin gurasar roti.

Shekaranjiya matan ƙauyen nan suka cinna wa busassun ganye wuta a gindin itatuwan mahuwa, yadda suka saba don furen ya faɗo a share. Iska ta kwashi wutar ta yi kwazazzabo da ita, ni kuwa da aka ɗora wa gadin daji na bi ta da ɗanyen reshe ina duka ina zagi. Hayaƙi ya cika wani rami, sai ga macen kyarkeci ta fito a guje da 'ya'ya biyu. A bayansu wani abu ya biyo da ƙafa huɗu. Na ɗauka biri ne. Jamuni, yaro ne.

Sai da muka taru mu biyar da ragar kamun kifi kafin ya kamu, kuma kowannenmu ya koma gida da shaidar haƙoransa. Gashinsa ya cukurkuɗe har gadon baya, gwiwoyi da tafin hannu duk sun yi kanta. Ba ya magana, ba ya cin dafaffe. Yanzu yana ɗakin da muke ajiye gatura, yana kai da komo daga bango zuwa bango, ni ma ina yi daga waje.

Zai kai shekara tara. Kunnensa na dama a huje yake, can sama a guringuntsi, daidai inda Innarmu ta huda wa ɗanki Chedi don mutuwa ta ga mai aibi ta wuce, bayan ta ɗauke miki biyu kafinsa. Ban ce shi ne ba. Shekara bakwai ke nan ina ganin Chedi a fuskar yaran mutane, na daina yarda da idona. Amma gani ya kori ji.

Sahib, babban malamin daji, ya ce in ba wanda ya zo ya ce nasa ne kafin ƙarshen wata, gidan marayu na birni zai kai shi. Ki yi sauri da amsa.

Yayanki,
Dhaniram

*

Kusumi, 8 ga Afrilu

Yaya,

Ina taɓa ƙafafunka. Ban zauna ba, kuma har yau ban zauna ba.

Kai ka ce ba ka ce shi ne ba. To ni na ce. Wa ke huda ɗa a guringuntsi in ba Inna ba, da ta ce leɓen kunne na 'yan gayu ne? Tun da na karanta takardarka ƙirjina ke mini zogi irin na mai jego, ni da na shekara bakwai ban shayar ba.

Na kai wa uban Chedi takardar a gona. Ya karanta, ya linke ta, ya ci gaba da kaftu. Da yamma ya gaya wa uwarsa, ita kuwa ta ɗora hannu a ka, ba don murna ba. Wai an riga an yi masa jana'iza. Ka tuna, kai ka ɗauki mutum-mutumin ciyawar da aka ɗaura da sunansa zuwa bakin kogi, tun da ba gawa, aka ƙona, aka yi zaman kwana goma sha uku, aka ciyar da mutane. Wai wanda aka yi wa haka ya tafi ke nan, abin da ya dawo da kamanninsa fatalwa ce. In ya taka ƙofar gidan nan ba mai sake shan ruwanmu a Kusumi, ba mai barin mu kusa da rijiya.

Sannan ta juyo kaina ta ce, “Da ba ki ajiye shi a gindin itace kin bi furen mahuwa ba, da duk ba a zo nan ba.”

Na ce, “Gaskiya ne. Shi ya sa ni zan je in ɗauko shi.”

Shekara bakwai ina haɗiye wannan maganar da safe, ina haɗiye ta da dare. Kwando ɗaya na fure, Yaya. Na juya baya kwando bai ko cika ba.

Gobe da sassafe zan bi amalanken mai gishiri. Na ce wa mutanen gari ba ka da lafiya, saboda haka in wani ya tambaya ka yi tari. Kada ka bari Sahib ɗin nan naka ya matsa da shi ko nan da can.

Ƙanwarka,
Jamuni

*

Kusumi, 15 ga Afrilu

Zuwa ga surukina Dhaniram, mai gadin daji a Semarghat,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan tarin da aka ce ya kama ka ya yi sauƙi.

Ƙanwarka ta dawo da cizo a wuyan hannu, ba ta ci, ba ta barci, sai shiga da fita. Ni ba mai yawan magana ba ne. Ana ganin kamar ban damu ba. Ɗana ne, ni na cinna wutar da ta ci ciyawar nan, kuma hannuna bai manta ba. Amma ina da uwa, ina da 'yan'uwa, kuma a garin nan za a ƙona ni.

Na je wurin malamin addininmu, Pandit Dinanath. Ya kwana biyu yana duba littattafansa, ya ce akwai hanya. Wanda aka yi wa jana'iza da ransa ba ya dawowa, amma ana iya sake haihuwarsa. Za a aske shi tas, a shafe shi da kurkum da man mastad, a zaunar da shi cikin babbar randa mai ruwa da man shanu, a rufe bakin da ƙyalle, kamar yana cikin mahaifa. In an fito da shi uwarsa ta karɓe shi a cinya, a ba shi madara, a raɗa masa sabon suna. Dattawa sun ce in an yi haka sun yarda, mahaifiyata ma ta yarda.

An tsayar da ranar 24. Ka sanar da Sahib cewa yaron yana da uba. Sabuwar riga kuma a wuyanka take, kai ne kawunsa.

Naka cikin girmamawa,
Bhagwandin

*

Semarghat, 18 ga Afrilu

Jamuni,

Ram Ram. Mijinki ya rubuto. Ashe yana da baki. Sahib ya sa hannu, maganar gidan marayu ta wuce, zan kawo yaron ranar 23 in juyo, don dajin nan ko'ina wuta ce yanzu. Ya kamata in yi murna. Amma ga ni ina rubutu ina yagewa, wannan ce takarda ta uku.

Kin ga abin da ya faru ran da kika zo. Kin miƙa hannu ya cije ki, kin ƙi janyewa, har ya saki ya shinshina gashinki ya daɗe. Na ga haka, ni ma na yi hawaye, ban ɓoye ba. Amma akwai abin da ba ki gani ba.

Uwar tasa ta daji ba ta tafi ba. Kullum da faɗuwar rana tana nan bayan shinge, ta yi kuka ya amsa mata. Na ɗaga bindiga sau biyu na kasa. Ran Talata na ga ta zuro baki ta ƙarƙashin ƙofa ta amayar masa da nama, shi kuma yana lasar bakinta. Ba ta gane shi da fuska ba, Jamuni, ba ta san wata huda a kunne ba. Da hanci ta san shi. Dauɗar nan da ke jikinsa da gashin nan da kika ce za ki yanke, su ne sunansa a wurinsu. Shi ya sa ya kusa cire wa mai gadinmu yatsa da ya doso shi da sabulu.

Shekara ashirin ina dajin nan. Na ga ɗan barewa da yara suka yi wasa da shi yini ɗaya kacal, uwar ta zo ta shinshina ta juya. To ina ga aski da kurkum da man mastad, wanda ko kwana bakwai aka yi yana nan yana hawa kai? In aka yi masa wannan, ƙofar daji ta rufe. In kuwa ƙofar gida ba ta karɓe shi ba, ko shi bai karɓe ta ba, ina zai dosa?

Ba na cewa a bar shi ga namun daji. Cewa nake a bi a hankali. Ki roƙi Pandit ya ɗaga zuwa bayan damina, ko ya ɗan ɗiga man a goshi kawai, ai littafinsa bai faɗi mudu nawa ba. Kada ki ce Yaya ya daɗe da dabbobi har ya koma ɓangarensu. Wataƙila ma haka ne.

Yayanki da ba ya barci,
Dhaniram

*

Kusumi, 26 ga Afrilu

Yaya,

Ina taɓa ƙafafunka. Ka juya da amalanke ba ka ko sha ruwa ba, ba ka kuma dube ni ba, to ga labari.

An yi. Maza huɗu suka danne shi wanzami ya yi aski, yana wani kuka da ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Da gashin ya zube sai ga ƙeyar ubansa sak, har surukata ta toshe baki da gefen zanenta na sari. Aka shafe shi, aka sa shi a randa, Pandit na karatu, randar na girgiza kamar za ta fashe. Duk Kusumi ta taru a kan katanga. Da aka fito da shi ya gaji liƙis, aka ɗora mini shi a cinya, yana santsi kamar jariri, ya sha madarar har ya ƙware. Pandit ya raɗa masa Punarvasu. Ni dai Chedi na sani. Matar mai gari da kanta ta karɓi ruwa daga hannuna ta sha a gaban kowa.

Uwar tasa ta daji ma ta biyo amalanken, ka sani? Ran 24 da magariba muka ji ta a bakin gonar ƙanen maigidan. Chedi ya miƙe kunne. Rigar da ka kawo ya fara yagewa.

Jiya da hantsi na je ɗebo ruwa, na dawo igiyar da muka ɗaure shi da ita kawai na tarar. Ya tsinke ta da haƙori. Maza sun bi sawu har bakin kwazazzabo suka dawo, wai daga nan dutse ne. Uban Chedi bai dawo tare da su ba, yana can yana kiran sunan da yaron bai taɓa sani ba. Surukata ta dafa shinkafa da madara ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta yi mini gori ba, karo na farko a shekara bakwai.

Na share tsakar gida sau huɗu. Na leƙa hanya ban san sau nawa ba. Ka ce kyarketan ba za su karɓe shi ba. Yaya, da gaske kake? Ka tabbata? Rubuto mini yau, ka ce ka tabbata.

Ƙanwarka,
Jamuni

*

Kusumi, 29 ga Afrilu

Yaya,

Ina taɓa ƙafafunka. Ba sai ka amsa waccan ba.

Ya dawo jiya da rana tsaka, shi kaɗai, yana jan ƙafa. Cizo uku a cinya, ɗaya a kafaɗa. Mai magani ya ce na kafaɗar na uwar kyarketan ne, kuma ba cizon kisa ba ne, na kora ne. Ya wuce kowa ya zo ya kwanta a jikin randar nan. Ya ci roti daga hannuna. Da magariba ya yi kuka wajen daji ya saurara, ya sake yi ya saurara. Ba a amsa ba.

Mutane na ta shigowa barka. Kai kada ka yi mini.

Tun kafin a sa shi a randa na kai wa Pandit maganarka, ya ce ɗigo ɗaya a goshi ya wadatar. Ni na karɓi kwanon daga hannunsa. Na shafe shi tun daga ka har tsakanin yatsun ƙafa, na koma na sake, har bayan kunnuwa, don na karanta takardarka da kyau.

Uwar tasa ta daji ita ma shekara bakwai ta yi da shi. In ka gamu da ita a daji, kada ka harbe ta.

Ƙanwarka,
Jamuni