Hannun Gem da Ya Sha Zafin Banda

Zuwa ga mahaifina, marigayi Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Yelwa lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa, kuma har yanzu ba ta yarda wani ya iya bandar kifi kamarta ba.

Jiya wani saurayi ya kawo mini tsohon hannun gem, irin mai rami a baya inda ake cusa memori, ɗan akwatin nan da ke riƙe wa mai wasa inda ya tsaya. Memorin ya maƙale. Kafin ya gama ba ni labarin wahalar da ya sha, na miƙa masa kayansa kowanne daban. Ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce masunci. Ya yi dariya, ya ɗauka ba'a nake yi. Shi ya sa na zauna rubuta maka wannan, don masu leƙen takardar su ma su san ba ba'a ba ce.

Ka tuna shekarar da jirgi ya kife da ni wajen Wara. Iska ta taso ba shiri, na rungume kututturen wata bishiya da ruwan dam ya cinye, har sai da aka zo aka ɓamɓare ni. Tun daga ranar, na kasa sake sa ƙafa a jirgi. Ban ɓoye ba a lokacin, yanzu ma ba zan ɓoye ba, tsoron ruwa nake yi. Ga shi kuma ni kaɗai ne ɗanka namiji.

Kai a ganinka abu ne da zai wuce. Ka ce, “Ai kowa ya taɓa kifewa.” Ni kuwa na san bai wuce ba, don ko wanka nake yi ba na son ruwa ya rufe mini fuska.

A lokacin Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, kowa yana neman sabuwar hanya. Na bi motar da ke kai busasshen kifi Anaca, na dawo da na'urar gem ta gwanjo, da hannu biyu, da memori ɗaya. Na kama ɗan shago bayan tasha, na aro talabijin, na jera benci. Samari suka yi ta tururuwa, ba don komai ba sai ƙwallo, mutum biyu su kara, sauran suna ihu a bayansu.

Ka zo sau ɗaya tak. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka kalli ƙattin samari suna danne-danne, ka girgiza kai. Sharaɗin da ka kafa mini a wurin gajere ne: “Muddin shagon ga yana buɗe, zauna abinka. Ran da ka rufe shi, jirgi na nan yana jiran ka.” Na amsa da to, domin na san ba ka magana biyu.

Sai damina ta kama. Wata ranar Alhamis ruwa ya dake ni a hanyar gida, hannuwan suna cikin jaka, ɗayan da memori a jikinsa ya jiƙe sharkaf. Na ajiye shi a zaure na shiga canja kaya. Inna ta gani, ta tausaya mini, ta yi masa abin da take yi wa duk wani abu mai laima a gidanmu. Ta ɗora shi a gefen banda, kusa da tarwaɗa.

Wallahi ya bushe, wannan ba gardama. Sai dai roba ba kifi ba ce. Zafin ya murɗe bakin ramin, ya cije memorin gam, laimar da ke can ciki kuma ba hanyar goge ta sai an ciro shi. Na jona a shago, ɗan wasan da ke cikin talabijin ko motsi bai yi ba. Da hannu ɗaya kuwa babu mai zama, don ba wanda ke son cin ƙwallo ba tare da ya ga fuskar wanda ya ci ba. Wani hannun sai Anaca, motar kifi kuma ba ta da ranar komawa kusa.

Ranar na ji shawarwari. Wani ya ce in zuba man gyaɗa, wani ya ce kananzir ya fi shiga, wani ya zo da sukundireba yana naɗe hannun riga. Ni da kaina na kama shi da filaya na ja iya ƙarfina, har gefen ya ɓantare, amma ko gezau. Da la'asar ɗin Juma'a na ja ƙofar shago na sa kwaɗo. Kafin in iso gida labari ya riga ni.

Na same ka a ƙarƙashin darbejiya kana gyaran raga. Inna tana gefe ta yi tagumi, ta kasa haɗa ido da ni. Na ajiye hannun a kan tabarma na zauna. Ka ci, kuma ba da zalunci ka ci ba. Abin da ya rage maka kawai shi ne ka ci gaba da gyaran ragarka, gari ya waye in bi ka ruwa.

Ka daɗe kana kallona, ba hannun ba. Ban san abin da ka gani ba, amma na san tsoron ruwa ya riga ya kama ni tun a nan kan tudu.

Sai ka ajiye raga ka ɗauki abin. Ka juya shi, ka shinshina, ka ce, “Wanga ya sha hayaƙi.” Ka ga inda filaya ta ci, ka tambayi wa ya ja shi haka. Na ce ni ne. Ka ce in raga ta sarƙe a kututture ƙarƙashin ruwa, mai ja da ƙarfi igiya kawai yake komawa da ita gida. Ana mayar da jirgi baya ne, a saki, a bi ta inda ta shiga.

Ka sa na nuna maka ɗan makullin da ke bayan hannun, ka ce in danne shi kar in saki. Maimakon ka ja, sai ka tura memorin ciki, har na ji ƙas. Raina ya tashi, na ɗauka ka ƙarasa shi. Ka yanko siririn zaren raga, ka zura ta tsagin gefe, ka zagayo da shi bayan memorin, ka naɗe bakin zaren biyu a yatsunka. Ka riƙa rausaya shi dama da hagu, a hankali, kanka a karkace kamar mai sauraren motsin kifi. In ya cije ka saki, in ya saki ka ɗan jawo. Can sai ga shi ya zamo ya faɗo a cinyarka, lafiyarsa lau.

Ka miƙo mini duka biyun, ka ce, “Tai ka goge mai haƙora, sun yi kore.” Ka ɗauki ragarka ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Na goge, na kankare bakin ramin da 'yar wuƙa, na ruga shago na jona. Ɗan wasa ya zabura da gudu. Har yau haka nake yi wa duk wanda aka kawo mini, kuma ina faɗa da bakina, a garin nan babu hannun da ya taɓa gagarata. Ba na zuba mai, ba na taɓa filaya.

Amma sharaɗi sharaɗi ne, Baba, kuma na rufe shago, kowa ya gani. Don haka da aka idar da sallar asuba na ɗaure wandona na gangara bakin ruwa. Na tarar har ka tura jirgi, da ɗan ƙanenka a gaba, a wurin da ya kamata in zauna. Na kira ka. Ka waiwayo, ka ɗaga filafili ka nuna mini hanyar gari, sa'an nan ka juya ka ci gaba da tuƙi.

Daga baya na ji abin da abokanka suka riƙa yi maka a bakin ruwa, wai ga mai ɗa namiji yana aron na wani. Ba ka taɓa kawo maganar gida ba. Ka tsufa a jirgin nan ba ɗanka a ciki, alhali da ka naɗe hannunka na yini ɗaya da ka same ni. Ina ƙaunarka, Baba, kuma ban taɓa faɗa maka ba don a gidanmu ba a faɗa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka. Yadda ka sassauta mini a ranar da kake da iko a kaina, Allah Ya sassauta maka a ranar hisabi. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ni ne ɗanka da ka bari a tudu,
Haruna