Jirgin Yaya Bello

Zuwa ga Yaya Hajara a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya maigidan da yara, ya zafin ƙafarki? Mu nan Ƙofar Dundaye lafiya lau, gari na ta shirin bikin samun mulkin kai.

Saniyar Inna, wadda take shan nononta tun rasuwar Baba, ta tafi. Yaya Bello ya sayar da ita ya sayi tsohon jirgin katako a hannun wani masunci, wai zai riƙa fito da mutane a Kwalkwalawa. Ya duba shi yadda yake duba sa a kasuwar shanu: ya daddaki haƙarƙarinsa, ya ce lafiyayye ne.

To, ɗan mahauta ba ya barin dabbarsa ta kwana a daji. Da ruwa ya janye, sai ya ɗauko majiya ƙarfi suka kawo jirgin tsakar gida don kada a sace. Na ce masa katako in ya bar ruwa tsagewa yake yi. Ya ce, "Malama, mi kinka sani ga jirgi? Ko gulbi kinka karanta a Ibadan?"

Wata uku jirgin yana shan rana. Yanzu ta cikinsa ana hango ƙasa. Inna a gefensa take zama tana dama fura da ruwa zalla. Ba a sace shi ba dai, alhamdulillahi.

Ki sa Inna a addu'a, ta rame. Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Asabe