Inna, Baba Ya Ce in Jiƙa Gero

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Allah a makwancinki.

Inna, Baba yana tari. Tun kafin girbi ya fara, har yau bai tsaya ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ran kasuwa na hango shi bayan rumbu, inda yake laɓewa ya sha sigarinsa wai ba mu sani ba. Ya tofar da wani abu, ya yi maza ya tura ƙasa a kai da ƙafa. Da ya fita na je na tone, na tarar da jini.

Na dame shi har ya yarda aka yi masa hoton ƙirji. Ɗazu ya dawo da shi, ya ɗaga wa rana a tsakar gida, ya ce likita bai ga komai ba. Sai ya ce in jiƙa gero, a yi gumbar sadaka ta godiya.

Kin tuna taki gumbar? Ke ma haka kika dawo da naki hoton kina murna. Da kanki kika daka, kina daka kina tsayawa ki yi tari, muka raba wa maƙwabta har bakin tasha. Duk wanda ya ce kin rame sai ki ce, "Hoto ai ba ya ƙarya." Sai da damina ta wuce, numfashi ya gagare ki, sannan muka kai ki Damagaram aka saka ki a sikana, na'urar nan mai leƙa cikin jiki. Likitan ya ce ciwon daji ne a huhu, ya ɓuya bayan zuciya, inda hoto bai cika nunawa ba. Ya ce mun makara.

Maganar nan taki ta hoto ba ya ƙarya, ita Baba ya maimaita mini yau, har da dariyarsa. Na tuna masa da ke, ya ɓata rai, ya ce ina yi masa mugun fata. Tsoro nake ji, Inna.

Na jiƙa geron, don ban iya yi masa musu. Yana nan cikin ƙwarya, ban daka ba. Na dai je tasha na roƙi direba ya riƙe mana wuri biyu a motar Damagaram ta gobe, kuma ban faɗa wa Baba ba tukuna. Ke kaɗai kika san yadda ake juya mutumin nan. Da kina nan, harara ɗaya ta isa ya ɗauki hularsa.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya haskaka kabarinki. Shi kuma Allah ya sa gobe ya shiga motar nan, ko da yana zagina har mu isa.

'Yarki mai kewarki,
Rabi